Kafin ka nemi kawo iyali Saudiyya, duba waɗannan kurakuran

Da wuya wata ya wuce wani ɗan uwa bai tare ni bayan sallar Juma'a a nan Jidda ba, takardu a hannu, yana cewa an hana shi istigdam na matarsa, wato izinin kawo ta ta zauna tare da shi. In na buɗe, abin da na gani wajen na jiya shi ne dai wajen na yau.

Babban cikinsu albashin da ke rubuce ne. Ba ruwan hukuma da abin da ke shiga aljihunka. Abin da take dubawa shi ne takardar albashi mai hatimin gurfa tijariyya (cibiyar 'yan kasuwa), da abin da kafilinka (wanda ya ɗauke ka aiki) ya yi maka rajista da shi a ta'aminat, hukumar inshorar ma'aikata. Wannan ni ya taɓa cina. Da na fara aiki, kamfani ya rubuta mini ɗan ƙaramin albashi a takarda, kuɗin gida da na ƙarin awoyi kuma a miƙo mini a ambulan ƙarshen wata. Na yi shiru tunda kuɗina na cika. Sai ranar da na nemi kawo amarya aka dawo mini da buƙatata. Ta shafe fiye da shekara a gidansu a Kano, akwatunanta a ɗaure. Duk kiran da zan yi gida sai Hajiyarmu ta ce, "Ɗan nan, ka ajiye 'yar mutane kana ta ce mana gobe." Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Don Allah kada ka sa hannu a kwantiragin da bai faɗi ainihin albashinka ba! Ni yanzu duk bayan wata uku nake shiga manhajar ta'aminat in ga ko adadin ya dace da abin da ke faɗawa asusuna na banki.

Ɗan uwan wannan shi ne mihna, wato sana'ar da ke jikin igama, katin izinin zamanka a ƙasar. In an rubuta maka lebura ko direban gida, ko nawa kake samu ƙofar a rufe take. Gyara mihna tukuna, da takardar karatunka da aka tantance.

Na biyu, mutane suna tara riyal 2,000 na bizar da kuɗin jirgi, su ɗauka an gama. Haba malam! Tun Yulin 2017 aka sa kuɗin murafikin, wato iyalin da ke zaune tare da kai, riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinka, ana ƙara 100 duk shekara har ya tsaya a 400 a Yulin 2020. Mata kaɗai riyal 4,800 ke nan a shekara, in Allah ya kawo haihuwa jaririn ma da nasa. Ba a sabunta igama sai an biya. Na ga magidanci ya raka matarsa da 'ya'ya biyu filin jirgi bayan shekara ɗaya kacal, idonsa jajir, don kuɗin sun fi ƙarfinsa. Ɗabi'ata ita ce ranar da albashi ya shigo nake ware na kowa a wani asusu daban, kafin ma in sayi shinkafa. Wasu sun fi son sabunta igama wata uku-uku don sauƙi. Ni hankalina ya fi kwanciya da shekara guda.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin lokaci. Ka tabbatar inshorar lafiyar matarka tana cikin yarjejeniyarka da kamfani. Takardar aure a fassara ta da Larabci, ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja da ofishin jakadancin Saudiyya. Sunanta ya zama iri ɗaya a ko'ina. A'isha a nan, Aishatu a fasfo, ya isa a dawo da kai. Kada ka nemi kawo ta alhali igamarka na dab da ƙarewa.

Masu kawo mata da bizar ziyara kuma su bar kwanakinta su wuce, wai kafin albashi ya gyaru, ku ji tsoron Allah. Tarar kanku za ta hau, ita kuma baiwar Allah ita za a fitar daga ƙasar.