Yadda ake haɗa na'urar tantance zanen yatsa da hasken leza

Idan hasken leza ya ratsa hoto sannan ya bi ta cikin lenis, a daidai inda hasken ke taruwa lissafin Fourier na hoton, wato zanen haske mai nuna yawan layukan da ke cikinsa da inda suka fuskanta, yake fitowa nan take. A kan wannan masanin kimiyya VanderLugt ya gina na'urarsa ta gwada hoto da hoto a 1964. A 1966 Weaver da Goodman suka kawo hanyar da ake jera hotuna biyu gefe da gefe, ba sai an ƙera matata ta musamman ba. Ita ce ta fi sauƙin haɗawa a ɗakin gwaji a Marwa ko Ngaundere da ke Kamaru.

Za ka buƙaci jan leza na He-Ne (mai aiki da iskar helium da neon) mai tsawon zangon haske nanomita 633, miliwat 2 zuwa 5, da ƙaramin rami na maikiron 15 zuwa 25 don tace hasken, da lenis ɗaya mai miƙe shi, da wani mai nisan taruwa milimita 300 zuwa 500, da allon SLM (ƙaramin allo da ake ɗora masa hoto daga kwamfuta, ya sarrafa hasken da ya bi ta kansa), da kyamara. Kada ka taɓa leƙa hasken da ido.

Ɗora hoton yatsan da aka yi wa rajista a gefe guda na allon, sabon hoton a ɗaya gefen. Ajiye kyamara daidai wurin taruwar hasken ka ɗauki abin da ya fito. Mayar da wannan hoton kan allon, ka sake ɗauka. Yatsa ɗaya ne? Za ka ga ɗigo uku, babba a tsakiya, biyu masu haske a gefe. Yatsan wani ne, na gefen su dusashe. Ɗigon tsakiya yakan cika kyamara da haske har ya danne sauran, don haka ɗauki na kowane hoto shi kaɗai ka debe daga na haɗin kafin zagaye na biyu.

Mafi yawan kuskure daga yatsa yake zuwa. Hanyar ba ta damu da hoto ya goce hagu ko dama ba, amma karkata ta 'yan digiri kaɗan tana kashe ɗigon. Sa madogarin yatsa a kan gilashin da ake ɗora yatsa a ɗauki hotonsa, ka yi wa kowa rajista sau uku zuwa biyar, a ƙalla dpi 500, wato ɗigon hoto 500 a kowane inci. A lokacin hunturu fata takan bushe ta tsage, balle ta masu noman auduga da magina, layukan su fito a yanke. A ce wa mutum ya ɗan huro wa yatsansa iska daga baki kafin ya ɗora. Mai laushin hannu kuma kada ya danna da ƙarfi, layukan sai su haɗe.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Ƙwaya ɗaya a kan lenis tana zana zobba a hoton. Rufe komai cikin akwati, ka busa ƙurar da roba mai hura iska, kada ka goge da tsumma. A Garwa, watan Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ƙarfe ya saki, saiti ya goce. Kunna leza minti 20 zuwa 30 kafin aiki, ka sake duba saitin kowace safiya, ka kuma haɗa batir saboda ɗaukewar wuta.