Yadda ake shanya ganyen taba a gida

Fara tsinkar ganyen ƙasa da suka soma yin ɗorawa. Na sama a bar su sai wani mako. Kada ka tsinka da raɓa, jiƙaƙƙen ganyen taba yana sa jiri da tashin zuciya.

Zura su a igiya ta gindi, ka rataye a rumfa mai iska. Ban yarda da shanyar rana ba, ganyen yakan bushe kore shar, ƙamshi ya gudu. Jira mako 4 zuwa 6, har jijiyar tsakiya ta karye ƙas a hannu.

Sai ka yayyafa ruwa kaɗan, ka jera a tukunya, ka danne da dutse. Riƙa juyawa saboda fumfuna.

In gari kake so, daka da 'yar jar kanwa a turmi, ka tankaɗe.