Darasi na 9: Yadda za ki tsara yininki tsakanin gida da neman abinci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda yanzu kowa a ajin nan ya iya rubuta sunansa da na 'ya'yansa, ya iya lambobi, ya iya duba agogo, toh lokaci yayi da biron nan zai fara yi mana aiki a cikin gida, ba sai ranar zuwa aji kawai ba. Zan fi cewa "ke" a darasin nan saboda mata sun fi yawa a cikinmu, amma kai ma maigida da kai ake, akwai rabonka a gaba.

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai ta iso aji a makare, na ce lafiya dai Hajiya, ta ce wallahi Malama kaina ne ya cika, jiya na manta ban surfa wake ba sai da asuba na tuna, kafin in dawo daga markaɗe masu saye sun watse, yaro kuma ya ƙi tafiya makaranta wai bai ga safarsa ba, can da rana na ɗauko katin rigakafin 'yar autata na ga ranar ta wuce da kwana huɗu. Matar nan ba raguwa bace, tun kafin kiran sallar farko take tashi. Abin da ya same ta shi ne komai a ka ta ɗauke shi, shi kuwa kai ba rumbu bane, in aka yi masa yawa dole ya zubar da wani, kuma sau da yawa mai muhimmancin yake zubarwa.

Littafi ɗaya da biro

Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ki ɗaure masa biro da zare, ki rataye a ƙusa inda hannun yara bai kai ba. Guda ɗaya tak, kar a yi wannan a bayan kwalin magani wancan a jikin bango. In rubutun boko bai zauna miki ba tukuna ki yi da ajami, in kalma ta gagara ki zana abin, tukunya ko allura ko buhu, ba mai dubawa ya ba ki maki, ke dai ki gane abinki.

Ki buɗe shafi ki ja layi huɗu a kwance, kinga shafin ya kasu gida biyar kenan. A kowane gida ki rubuta sunan sallah ɗaya: asuba, azahar, la'asar, magariba, isha'i. Dalili kuwa, mu dama da salloli muke auna yini, ba wanda zai ce miki zan zo ƙarfe huɗu da kwata, sai dai ya ce bayan la'asar, kuma ko wayarki ba caji ladan zai sanar da ke. Sallolin nan su ne turakunki, kowane aiki ki ɗaure shi a turkensa kamar yadda ake ɗaure akuya, don in aka bar shi sake shi ne zai yi ta yawo yana shiga gonar wani aikin. Misali shirin yara da karin kumallo na asuba ne, ɗinki ko shago ko ofis daga hantsi zuwa azahar, tura yara Islamiyya na la'asar, tuwon dare kafin magariba, jiƙa gero ko surfa wake bayan isha'i.

Sai dai kar ki cika shafin taf. Wannan kuskuren kusan kowa na yinsa a makon farko, mutum ya jera abu goma sha biyar, dare yayi ya ga huɗu ya yi, ransa ya ɓaci ya jefar da littafin. Ayyukan kullum irin shara da wanke-wanke ba sai an rubuta ba, hannu ya riga ya saba. Abu uku za ki zaɓa waɗanda in ba a yi su yau ba akwai asara, ki yi musu da'ira. Kai kayan mai biki da aka yi alkawari yau, asara ce in ba a kai ba. Biyan kuɗin jarrabawa ranar ƙarshe, haka. Amma jera kwanuka a kabad ko wankin labule, wannan zai iya jiran Asabar ba abin da zai faru.

Safiya tun dare ake gyara ta

Yawancin faɗan da ake yi da yara da safe, in kin lura, neman kaya ne. Ina takalmi, ina hijabi, wa ya ɗauki fensir, Baba bai bar kuɗin tara ba. Minti ashirin bayan isha'i sun isa a kashe wannan wutar, kowane yaro ya haɗa jakarsa da kansa ki duba, yunifom a rataye, safa a cikin takalmi, takalmi a bakin ƙofa, kuɗin tara a ware a ajiye, ruwan wanka a cika bokitai tun dare don kar a wayi gari ana jiran mai ruwa. In an kawo wuta, ko ƙarfe nawa ne, a yi gugar sati gaba ɗaya a sa waya da fitila a caji, tunda ba ki san yaushe za a ɗauke ba. Daga nan sai ki zauna ki rubuta shafin gobe kafin ki kwanta, za ki ji barcin ma ya fi daɗi don ba abin da kike ta juyawa a rai kina tsoron mantawa.

Rabon maigida da na yara

Malam, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. In matarka tana sana'a ko tana aikin asibiti ko koyarwa, tana kawo nata gudummawar, toh ba adalci bane ta dawo ta tarar komai na jiranta kai kuma kana majalisa har goman dare. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah yayi ya fita sallah, hadisin yana cikin Bukhari. Ba a ce sai ka tuƙa tuwo ba, amma kai yara makaranta a mashin, cefane, sayen gas ko itace kafin ya ƙare, duba aikin gida na yara, riƙe jariri ta samu tayi wanka, duk ka iya. Ku zauna ranar Juma'a da yamma ko duk ranar da kuka samu sarari, ku buɗe littafin tare, a gaban kowane aiki a rubuta sunan mai yinsa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya maza ma tun 2021 aka amince musu da hutun kwana 14 in matansu sun haihu, wanda ya samu irin wannan ya yi shi a gida, ba a kasuwa ba.

Yara ma a ba su nasu daidai ƙarfinsu, maza da mata, ɗan shekara biyar zai iya kwashe kwanuka, ɗan shekara goma ya yi shara ya wanke safarsa. Abin da nake roƙo dan Allah kar a mayar da babbar 'ya uwa ta biyu, ita ce raino ita ce girki ita ce talla, ta je aji tana gyangyaɗi. Da yawa a cikinmu abin da ya hana mu karatu da ƙuruciya kenan, shi yasa muke zaune a kan bencin nan da furfura.

Shafin wata

A bayan littafin ki ware shafi ɗaya na kowane wata, nan ne za ki sa abubuwan da ba kullum suke zuwa ba kuma su ne masu kama mutum ba shiri. Ranar awo in da juna biyu. Ranar rigakafi, wanda ake yi da haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 a yi na ƙyanda da na zazzaɓin shawara, a sake na ƙyanda a wata 15, ki kwafo ranakun daga katin ki sa alam a waya. Ranar zubin adashe da ranar ɗauka. Ranar komawa makaranta, zango uku ne a shekara kuma ba ya canzawa amma kullum sai ya zo mana kamar baƙo. Bari mu yi lissafi, a ce kuɗin zango naira 18,000 ne, tsakanin biya da biya kusan wata 4 wato kwana 120, in kin raba zai ba ki naira 150 kullum. Jefa 150 a asusu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba akan nemo 18,000 a dare ɗaya. Haka ɗinkin sallah, a kai wa tela tun kafin azumi, hatsi kuma in da hali a saya da kaka lokacin da yake araha.

Ke kuma tela, ko mai kitso, ko mai ƙunshi, kar ki karɓi aikin da lissafin littafinki ya nuna ba zai yiwu ba. Ki duba ki ce Hajiya sai Talata in kin yarda, ya fi ki ce gobe ta zo ta tarar ba a yanka ba. Ki kuma sanar da masu ciniki lokacin da kike ɗaukar waya, in ba haka ba har kina ba yara abinci ana kira.

Maganar waya da biki

Waya tana kawo ciniki, gaskiya ne, amma ki gwada duba agogo sanda kika buɗe WhatsApp ko TikTok ki sake dubawa sanda kika ajiye, da kanki za ki yi mamaki. Ita ma a ba ta turkenta. Zumunci kuwa wajibi ne ba mai cewa a yanke, sai dai dubiya da gaisuwar mutuwa su ne gaba, biki kuma ba dole a yi kamu da yini da ɗaurin aure da kai amarya duka ba, ki je ɗaya ki yi Allah ya sanya alheri ki ba da gudummawarki ki dawo.

Wata rana duk tsarin zai rushe, yaro ya tashi da zazzaɓi, ko baƙi su sauka daga ƙauye, ko a yi rasuwa a maƙwabta. Ranar zazzaɓi asibiti ne aikin farko da na biyu da na uku, sauran ki ja musu kibiya zuwa shafin gobe shikenan, kar ki ɗora wa kanki laifi. Kuma ki rubuta hutunki a ciki kamar yadda kike rubuta aiki, ko kishingiɗar rabin awa ce bayan azahar, don babba yana bukatar barcin awa bakwai zuwa sama, mu kuwa iyaye mata da yawa biyar ma da ƙyar.

Aikin gida

Yau da dare ki ja layukan nan huɗu, ki rubuta sunayen sallolin biyar da hannunki, ki kula da 'yar alamar nan ta sama a cikin la'asar da isha'i, kar a bar ta. Ki cika shafin gobe, ki yi wa abu uku da'ira. Ki yi haka kwana uku a jere, ranar aji ki zo da littafin da katin rigakafin ƙaramin ɗanki in akwai, za mu kwafi ranakun tare a shafin wata.