Kada ku biya kuɗin ɗakin hutu a filin jirgi sai kun leƙa

Salamu alaikum ƴan uwa na Damagaram, musamman masu zuwa Dubai da Sin sarin kaya ta Yamai ko ta Kano.

Ɗakin hutun nan na kuɗi, mai abinci da kujerun laushi, kada ku biya shi tun daga gida ta intanet.
Ku isa ƙofar tukuna, ku roƙi mai tsaro ya bar ku ku leƙa.

Ga dalili. A Adis Ababa, inda ake canjin jirgi, jiragen ƙasashen Afirka kusan tare suke sauka da dare, na Asiya kuma su tashi wajen tsakar dare. Kowa a lokaci guda yake neman wurin zama. Ga masu babban tikiti, ga masu katin kamfanin jirgi. Sai ka tarar mutane na tsaye da faranti a hannu, jaka a kan kowace kujera, wurin cajin waya ko ɗaya babu, banɗaki kuwa sai layi. Kuɗin guminka ne fa, abin da ciwo.

In kun ga haka, ku juya. Ku taka zuwa wata ƙofar shiga jirgi wadda jirginta ya riga ya tashi, kujeru na nan fayau. Ku sayi shayi, ku tambayi wurin salla.

Amma dabarar ba ta ci kullum.
Lokacin aikin Hajji da Umrar azumi, a Jidda ko'ina maƙil yake.
In kuna tare da tsoho ko mai jego, kuma jiran zai kai awa shida, ku biya, ko da cunkoso. Sai dai ku tambayi awa nawa kuɗin ya ɗauka, don wasu awa uku kacal suke bayarwa.