Babi na Huɗu: Yadda Ake Raba Dabbobi Gida-Gida

Darasi na 1: A fara da ƙashin baya

Ku ɗauki fensir da takarda, ku ja layi a tsakiya daga sama zuwa ƙasa. A dama ku rubuta "masu ƙashin baya", a hagu "marasa ƙashin baya". Kowa ya kai hannu ya shafa tsakiyar bayansa, daga wuya har ƙugu. Jerin ƙasusuwan nan da kuka ji, shi ake nufi.

Duk dabbar da aka kawo muku, tambayar farko ita ce: tana da ƙashin baya? Kada ku tambayi inda take zaune, ko tana tashi sama. Ƙashin baya tukuna. Maciji fa? Da yawa sukan sa shi a hagu don ba shi da ƙafa. Ba laifi, a goge a gyara. Maciji yana da ƙashin baya mai tsawo, dama za shi. Tana ba ta da shi, hagu. Ƙaguwa tana da tauri, amma taurin nan a waje yake, hagu. Kunkuru yana da ƙoƙo, kuma yana da ƙashin baya a ƙarƙashinsa, dama. Sannu a hankali za ku saba. Ku sake faɗa da ƙarfi: ƙashin baya tukuna.

Darasi na 2: Gidaje biyar na dama

Kifaye, su kwaɗo, masu jan ciki irin ƙadangare da kada, tsuntsaye, sai masu shayar da 'ya'yansu nono. Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, shi ya tsara irin wannan rabo tun 1735, daga baya aka yi ta gyarawa.

To, ga inda kuke ba ni haushi. Kowace shekara sai an rubuta mini jemage a gidan tsuntsaye. Haba jama'a! Jemage haihuwa yake yi, ya shayar, ba ya ƙwai. Jimina kuwa ba ta tashi, amma tana da gashin tsuntsu, tana ƙwai. Sau nawa zan ce tashi sama ba hujja ba ce? Wanda ya tsallake tambayar farko don gaggawa ya koma Darasi na 1.

Darasi na 3: Na hagu

Su suka fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙwari kaɗai an san iri wajen miliyan 1. A ƙirga ƙafa: sauro da fara suna da shida, gizo-gizo da kunama takwas.

Darasi na 4: Wa ya riga wa?

Masana sun ce kifaye suka fara bayyana, fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, sannan su kwaɗo suka fito tudu. Tsuntsaye daga zuriyar dinoso suke, wato wasu masu jan ciki na zamanin da.

Aiki: Ku rubuta dabbobi goma, kowace a gidanta.