Yadda ake gano abincin kifin tafki daga ɓawonsa

Ciri ɓawo biyar a ƙasan fiffiken baya, ba sai an kashe kifin ba. Guji wanda ya sake tsirowa, domin tarihin abincinsa guntu ne. Kankare yauƙin da tataccen ruwa, ka tsoma a asid na HCl mai rauni minti 2, don ma'adinin ɓawo yana iya gurɓata sakamakon awon sinadarin kabon. Ɗauraye, busar a digiri 60 na ma'aunin Celsius tsawon awa 24, auna miligiram 1 cikin kwanson kuza, sai na'urar awon aisotof, wato nau'o'in sinadari ɗaya masu bambancin nauyi, kamar naitirojin-15 da kabon-13, waɗanda abincin kifi ke barin alamarsu a ɓawonsa.

Naitirojin-15 yana ƙaruwa da kusan 3.4 cikin dubu daga abinci zuwa maciyinsa, don haka yana nuna matakin kifin a jerin masu cin juna. Kabon-13 kuwa yana bambanta abincin gaɓa da na tsakiyar ruwa. Auna katantanwar tafkin ma, don ta zama ma'aunin da za a gwada sakamakon kifin da shi; ba tare da wannan ma'auni ba, kwatanta tafkuna biyu aikin banza ne.