Idan wani ya hau kan sunan kayanki a Google

Wata safiya a shagonmu na unguwar Nima da ke Accra, ƙanwata ta miƙo mini wayarta ta ce, "Yaya, duba nan." Ta rubuta sunan man kaɗanyarmu a Google, sai ga tallan wani can sama, namu shafin a ƙasa. Kuɗi ya biya don duk mai neman mu ya fara cin karo da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Kafin ki kira kowa, ɗauki hoton allon wayar, ki rubuta rana da lokaci, don talla yau yana nan, gobe babu shi. Sai ki karanta shi a tsanake: sunanki yana cikin rubutun tallan, ko kalmar neman kawai mutumin ya saya? A nan gizo ke saƙar. Google ba ya hana kowa sayen sunan wani a matsayin kalmar nema. A shari'ar kamfanin Louis Vuitton da Google ta 2010, kotun Tarayyar Turai ta ce mai talla zai iya shiga laifi idan tallansa ya hana mai saye gane kayan na wane ne. Wancan hukunci bai ɗaure kotunan Ghana ba, amma a nan ma maganar ɗaya ce: an ruɗa mai saye ko ba a ruɗa shi ba?

Mu kam an ruɗa. Sunanmu ɓaro-ɓaro a kan tallan. Wata Hajiya daga Madina ta turo saƙon murya tana faɗa, wai man da ta saya yana warin hayaƙi, alhali ba namu ba ne. Kada ki goge irin wannan saƙon, shi ne shaidarki.

Kuskurena, na ɗauka takardar rajistar sunan kasuwanci ta isa. Ashe rajistar tambari, wato suna ko alamar da ke kan kaya, daban take, ƙarƙashin doka mai lamba 664 ta 2004, wadda aka yi wa gyara a 2014. Ofishin Rajistara Janar za ki je, nan Accra. A fara bincika ko wani ya riga ki, sannan ki zaɓi ajin kayanki cikin azuzuwa 45 da aka kasa kaya da ayyuka. Kayan shafa aji na 3 ne. Rajistar shekara 10 take yi, sai a sabunta. Aikin na ɗaukar lokaci, ki tafi da haƙuri. Wadda ba ta yi rajista ba tana iya dogara da doka mai lamba 589 ta 2000, mai hana ha'inci a gasar kasuwa, sai dai kafa hujja ya fi wuya.

Da takardarki a hannu, ki cike fom ɗin ƙorafi na Google, ki nuna tallan da mai shi. Mu ba mu kai nan ba: wasiƙar lauya guda ɗaya ta sa ya cire sunanmu. Har yau tallansa na fitowa, don haka ni ma na sayi sunan namu, 'yan sidi kaɗan a rana.